Abin da Aka Rubuta a Gefen Jini

Duk wanda ya san Unguwar Rimi a Kaduna ya san Titin Surame, amma ba kowa ne ya san aikin da ake yi a harabar da ke bakinsa ba. Nan ne hedkwatar cibiyar binciken sammore da ciwon barci ta Nijeriya, wadda ma'aikata ke kira NITR. Turawan mulki ne suka kafa ta a ƙarshen shekarun 1940 domin ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Ingila, suka yi mata reshe a Vom ta ƙasar Filato. A 1964 ta zama ta Nijeriya ita kaɗai. Tun ranar farko babban abokin gabarta shi ne ƙudan tsando da ƙwayar cutar da yake ɗauka, wadda ke sa wa mutum ciwon barci, ta sa wa saniya sammore.

Mutanen farko da suka yi wannan aiki ba su da abin dogaro sai ido da madubin likita da alƙalami. A huda kunnen saniya, a ɗiga jini a kan gilashi, a leƙa. Gwani yakan gane irin ƙwayar daga motsinta. Wadda ake kira Trypanosoma vivax takan keta fili da gudu, ita kuwa congolense ba ta nisa, sau da yawa ma a manne take da ƙwayar jini tana ɗan wutsil-wutsil. Daga nan sai rubutu: wane gari, wane rafi, wace rana, jinin saniya ne ko na doki ko na mutum. Da irin wannan rubutu aka zana taswirar ƙudan tsando ta Arewa. Da shi kuma aka tsara aikin Anchau a ƙarshen shekarun 1930, inda aka sassare kurmin bakin rafuka, aka tashi ƙauyuka, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. T.A.M. Nash, masanin ƙwari da ya yi fice a wannan aiki, daga baya ya shugabanci cibiyar ta Kaduna. Akwai abin faɗa a kan yadda aka raba talakawa da kufansu da ikon mulki, kuma ya kamata a faɗa. Abin da nake so in riƙe a nan dai shi ne ɗabi'ar nan ta rubuta asalin kowane ɗigon jini, domin ita ce na ga tana neman suɓuce mana a daidai lokacin da muka fi bukatarta.

Sanin abin da wasu suka gano kuwa, a wancan zamani wahala ce mai zaman kanta. Mai bincike a Kaduna in yana son ya ji ko wani a Nairobi ko Liverpool ya taɓa ganin abin da ya gani, sai ya bi mujallu ɗaya bayan ɗaya. In babu a nan, ya hau mota zuwa Samaru, Laburaren Kashim Ibrahim. Akwai ɗan katin da ake aika wa marubuci ta gidan waya a roƙe shi kwafin maƙalarsa, amsa ta zo bayan watanni, ko ta ƙi zuwa. Da naira ta karye bayan tsarin SAP na 1986, laburare da dama suka kasa biyan kuɗin mujallun waje, jerin kundayen da ke kan kanta ya tsaya cak. Abin takaicin shi ne, a waɗannan shekaru ne ilimin halitta ya sake hanya a duniya, mu kuwa ƙofarmu a rufe.

A 1977 Frederick Sanger da abokan aikinsa a Cambridge suka fito da dabarar karanta DNA, wato saƙon gado da ke cikin kowace halitta, wanda aka rubuta da haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. Da masu karantawa suka yi yawa sai tambaya ta taso, ina za a ajiye waɗannan dogayen jerin haruffa? Aka buɗe rumbu a Heidelberg ta Jamus, aka buɗe GenBank a Los Alamos ta Amurka a 1982, daga baya Japan ta buɗe nata a Mishima. A watan Disamba na 1982 duk abin da ke cikin GenBank jeri 606 ne, haruffa 680,338. Ƙanƙantarsa ta kai har an riƙa buga shi a littafi ana rarrabawa. A 1988 aka kafa cibiyar NCBI a Bethesda, a 1992 ta karɓi riƙon GenBank. Rumbunan uku suna musayar abin da aka shigar musu kowace rana, saboda haka abin da ka ajiye a ɗaya za a same shi a sauran. Mujallu kuma suka kafa sharaɗi: ba za su buga maƙala a kan sabon jeri ba sai an kawo lambar rajistarsa. Yau lissafin jerin ya shiga biliyoyi, na haruffa kuwa tiriliyoyi.

Rumbu mai wannan girma ƙofa biyu ake shigarsa. Ta farko ita ce ka zo da jerin haruffanka ka ce a nemo maka masu kama da shi. Wannan aikin manhajar BLAST ne, wadda ta fito a 1990. Ita ba ruwanta da suna ko gari, haruffa take gwadawa da haruffa. Ta biyu ita ce ka zo da kalma. Ka rubuta sunan ƙwayar cuta, ko na ƙasa, ko na wani sinadari, ko na malamin da ya yi aikin, a fito maka da duk takardun da kalmar ta bayyana a cikinsu. Wannan shi ne tsarin Entrez, wanda ya fara a kan faifan CD a 1991 kafin ya hau intanet. Bambancin ƙofofin nan ya fi yadda ake zato. Haruffan DNA na'ura ce ta karanta su. Bayanin da ke gefensu kuwa, sunan halittar da inda aka samo ta da ranar da dabbar da ta fito daga jikinta, mutum ne ya zauna ya cike da hannunsa. Mai nema da kalma ba DNA yake bincika ba. Rubutun wannan mutumin yake bincika.

Mu a Kaduna, ƙofar ta buɗe mana ne a farkon shekarun 2000, lokacin da shagunan intanet suka bazu a Titin Ahmadu Bello da kewaye. Ana sayen lokaci awa-awa, masu dogon aiki su kwana a shago saboda da dare ya fi araha kuma ya fi sauri. Mutum ya buga kalma ɗaya, ya zauna yana kallon shafi na sauka a hankali, yana addu'ar kada a ɗauke wuta kafin ya kwafe abinsa a faifai. Duk da haka, wanda ya san zamanin katin gidan waya ba zai raina wannan ba. Babu kuɗin rajista, babu neman izini, babu wanda zai tambaye ka takardar shaida. Abin da farfesa a London ke gani a shafin, shi ɗalibin Kawo ko Malali ke gani. Ban san wani abu a tarihin karatunmu da ya daidaita mu da sauran duniya farat ɗaya irin wannan ba.

Sai ga shi abin da muka tarar a ciki ba baƙo ba ne gaba ɗaya. A 2005 mujallar Science ta buga cikakken jerin halittar Trypanosoma brucei, daga wani iri da aka samo a jikin ƙudan tsando a Kenya. Da aka zo kan vivax, wadda ta fi addabar shanun Afirka ta Yamma, irin da Cibiyar Sanger ta Ingila ta zaɓa ta karanta shi ne wanda ake kira Y486. Asalinsa jinin shanu ne na ƙasar Zazzau. Masu bincike a Zariya ne suka ware shi a shekarun 1970, P. Leeflang da abokan aikinsa suka buga bayaninsa a 1976. Abin da ya sa ya yi suna shi ne yana rayuwa a jikin ɓera, alhali yawancin vivax ba sa yarda. Saboda haka aka iya riƙe shi a ɗakin gwaji, ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, har wani reshensa ya samu sabuwar lamba a Nairobi, IL 1392. Yau ko a Brazil, inda vivax ta bi shanu ta ƙetara teku, mai bincike da wannan iri yake auna nasa. Amma wanda bai san tarihin ba, ba abin da zai gani a harafi ɗaya da lamba uku da zai nuna masa Zazzau. Sai da Wendy Gibson ta Jami'ar Bristol ta zauna a 2012 ta rubuta maƙala sukutum don kawai ta bi sawun inda waɗannan shahararrun iri suka fito, domin masu aiki da su kullum sun fara mantawa.

Labari na biyu ya fi kusa da mu, kuma yawancinmu mun tuna shi ta fuskar kasuwar kaji. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji a Jaji, ƙaramar hukumar Igabi, a kan hanyar Zariya. Wannan ne karo na farko da aka tabbatar da ita a nahiyar Afirka. Samfurin ya je ɗakin gwaji a kusa da Padova ta Italiya, wanda Ilaria Capua ke shugabanta. Aka nemi ta ajiye jerin haruffan a wani rumbu mai makulli da 'yan cibiyoyi ƙalilan ke iya buɗewa. Ta ƙi, ta saka shi a GenBank inda kowa zai gani, ta kuma yi kira ga takwarorinta su yi haka. Muhawarar da ta biyo baya tana cikin abubuwan da suka haifi GISAID, rumbun da aka buɗe a 2008, wanda duniya ta dogara da shi a lokacin korona. Kajin Jaji ke nan suka shiga tarihin yadda ake raba ilimi. Sai dai a dubi yadda ake raɗa wa ƙwayoyin mura suna: nau'i, dabba, wuri, lamba, shekara. A yawancin na ƙasar nan, gurbin wuri Nijeriya kawai yake ɗauke da shi. Mai neman Kaduna ko Jaji sai ya dace an ƙara bayani a wani gurbi.

Nan ne wahalar nema da kalma take, kuma ba ta bayyana ga sabon shiga saboda kullum shafin yakan ba shi amsa. Ka buga Kaduna, za a fito maka da jeri. Amma kowace takarda tana ɗauke da adireshin wanda ya shigar da ita, saboda haka jinin da aka ɗiba a Yankari ko Gboko zai fito a ƙarƙashin Kaduna matuƙar ma'aikacin Titin Surame ne ya aika. Jinin da aka ɗiba a Ladduga kuwa aka karanta a Turai, in ba a rubuta garin ba, ba zai fito ba ko kusa. Akwai ma wani nau'in ƙwayar Salmonella da aka raɗa wa suna Kaduna, wanda ana iya tsintarsa a wata ƙasa daban. Kano sunan iyali ne a Japan. Mai neman abin da ya fito daga Jamhuriyar Nijar da rubutun Turanci zai haɗu da Jihar Neja da kogin Kwara da kuma tarin takardun wata baƙar fumfuna, Aspergillus niger. Maganin wannan sananne ne: ka faɗa wa na'ura gurbin da za ta duba, ko na sunan halitta, ko na marubuci, ko na wuri, ka haɗa kalmomi da AND, ka faɗaɗa da OR, ka kore da NOT. In ka nemi Trypanosoma a gurbin sunan halitta, za a kawo maka dangin duka har jikoki, a bar takardun da suka ambaci sunan kawai a wucewa. Ana koyon wannan a zama ɗaya.

Abin da ba a koyo a zama ɗaya shi ne sanin sunayen da abu guda ke amsawa. Makiyayi ya san magungunan sammore, Berenil da Samorin, ya kuma san akwai lokacin da zai yi wa saniya allura ta ƙi tashi. Ɗaya daga cikin dalilan da aka gano a brucei shi ne lalacewar wata kafa da Berenil ke bi ya shiga jikin ƙwayar. A 1993 aka bayyana wannan kafa da suna P2, a 1999 aka gano ƙwayar gadon da ke gina ta aka kira ta TbAT1. Abu ɗaya ne, amma wanda ya san suna ɗaya kawai rabin labari zai samu. Sannan ga dubban ƙwayoyin gado a jikin waɗannan halittu da har yanzu ba a san aikinsu ba, an dai rubuta musu cewa ana zaton furotin ne. Babu kalmar da za ta kai ka gare su; sai dai ka koma ƙofar BLAST, ko rumbu na musamman irin TriTrypDB da aka keɓe wa dangin wannan ƙwaya. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a ɗauka intanet ya maye gurbin dogon karatu. Marigayi Farfesa Andrew Nok na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya ci kyautar kimiyya ta NLNG a 2009 a kan sinadarin sialidase na ƙwayar sammore, shekaru ya yi a kan abu ɗaya. Irin wannan zama ne ke sa mutum ya san wace kalma zai buga, kuma ya gane in amsar da ta fito ba ta cika ba.

Babban canjin da na gani a 'yan shekarun nan shi ne mun tashi daga masu ɗiba kawai mun zama masu zubawa. Ɗalibin digiri na biyu a Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, ko a makarantar soja ta NDA, yakan ɗebi jini a mayanka, ya fitar da DNA, ya ninka wani ɗan yanki da ake kira ITS1 wanda ke bambanta irin ƙwayoyin sammore, ya aika a karanta masa a Ibadan ko ƙasar waje, ya shigar a GenBank, ya samu lambarsa ya sa a kundin digiri. A watan Maris na 2020 cibiyar ACEGID da ke Ede, ƙarƙashin Christian Happi, ta fitar da jerin ƙwayar korona na farko da aka karanta a Afirka. Abin da a 2006 sai an kai Italiya, yanzu ana yinsa a gida. Wannan abin farin ciki ne na gaske, kuma ba na so a rage masa daraja.

Amma da zubawar ta dawo hannunmu, rubutun gefe ma ya dawo hannunmu, kuma a nan nake da damuwa. Ɗalibi yakan kai matakin shigarwa ne a gajiye, kuɗi sun ƙare, ranar kare kundi ta matso. Lambar rajista yake nema, sauran guraben kuwa ya cike su da abin da ya sawwaƙa: ƙasa Nijeriya, dabba saniya, shi ke nan. Kowa ya san yadda ake aika kaya a tashar Kawo; buhun da ba a rubuta suna da gari a jikinsa ba, ko zinariya ce a ciki, zai isa ne ya zauna a rumfa ba mai ɗauka. Jinin mayanka ma yana da tasa matsalar, domin saniyar da aka yanka a Kaduna wataƙila daga Mai'aduwa ko Illela aka ɗoro ta, ko daga tsallaken iyaka. In ba a rubuta cewa a mayanka aka ɗiba ba, wani zai zo gobe ya ɗora ɗigo a taswira ya ce akwai wannan iri a Kaduna. Kuma ƙa'idar GenBank ita ce wanda ya shigar da takarda shi ke da ikon gyara ta. In ya gama digiri ya kama wata sana'a, adireshinsa na imel ya mutu, takardar haka za ta zauna, wasu su yi ta gini a kanta.

Masu riƙon rumbunan sun ga wannan. A 'yan shekarun nan sun wajabta rubuta wuri da lokacin ɗibar samfuri, a 2024 kuma suka sake wa gurbin ƙasa suna don ya ɗauki kowane irin wuri. Akwai kuma maganar haƙƙi: a taron Cali na ƙasar Kolombiya a 2024 an amince da kafa asusu da kamfanonin da ke cin riba daga irin waɗannan bayanai za su riƙa zuba wa kuɗi. Ƙasar da ba a rubuta sunanta a gefen abin da ya fito daga cikinta ba, da wuya ta kafa hujja a irin wannan zama. Sai dai doka tana iya tilasta a cike gurbi ne kawai. Kalmar Nijeriya ta isa ta gamsar da na'ura, ba ta isa ta gaya wa likitan dabbobi ko irin da ke ƙin magani yana Kachia ne ko yana Lere ba.

Akwai dalilin da ya sa abin ya fi tsanani a kanmu yanzu. Mutanen Nash suna iya komawa rafin da suka ɗebi ƙuda bara su sake ɗiba bana. Mu ba haka ba. Dazukan Birnin Gwari, har da gandun Kamuku, sun yi shekaru mai bincike ba ya shiga da tarkon ƙuda. Rugage sun tashi, burtali ya sauya, garken da aka gwada a wannan rani ba lalle a same shi a wurin ba a rani mai zuwa. Samfurin da aka samu daga irin waɗannan wurare mai yiwuwa shi ke nan na tsawon lokaci. Wannan hali kuma shi ne ya sa ba na goyon bayan a zuba komai a fili. Sunan mai garke da ainihin inda rugarsa take ba abin sakawa ba ne a shafin da duniya ke karantawa. Ya zauna a littafin ɗakin gwaji, a hannun malami. Abin da ya kamata ya hau rumbu shi ne jiha da ƙaramar hukuma, wata da shekara, irin saniyar, Bunaji ce ko Bokolo ko Rahaji, a ruga aka ɗiba ko a kara ko a mayanka, da kuma ko an yi mata allura kafin a ɗiba. Cike wannan ba ya cin minti goma. Malamin da ke duba kundi ya kamata ya buɗe takardar GenBank ɗin ya karanta guraben nan da idonsa kafin ya sa hannu, ya kuma tabbatar an shigar da adireshin sashe tare da na ɗalibi, don a samu mai gyarawa bayan ɗalibin ya tafi.